Maɓallan Rigar Dogo

Maɓalli shida ne a gaban rigar Dogo, kuma a satin da aka sallamo shi daga asibiti, na farko kaɗai sai da ya ci masa minti ashirin. Matarsa tana zaune a bakin gado tana kallo, ta tura hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su, don ta san halinsu. Tela ce. Shekara ashirin da biyu tana ɗinki a ɗakin gaba na gidansu, har sunanta ya ɓace a bakin mutane, kowa Tela yake ce mata, har shi maigidan. Macen da take saka maɓalli tana hira ba tare da ta duba ba, a ce ta zauna ta zuba ido ana kokawa da guda ɗaya, ai wannan azaba ce da aka yanka daidai jikinta.

Dogo mai aski ne. Hawan jini ne ya kayar da shi wata safiya yana tsakiyar yi wa wani mutum gyaran fuska, almakashi ya suɓuce masa, shi ma ya bi shi ƙasa. Ɓarin dama ne ya shanye. Ƙafar ba ta yi gardama sosai ba, yana jan ta, amma tana kai shi bayi ta dawo da shi. Bakin ma ya miƙe, sai ɗan nauyin harshe idan ya gaji. Hannun ne ya ƙi. Kuma mai aski idan aka cire masa hannun dama, me ya rage? Dogo bai iya komai ba a duniya sai riƙe mataji da hagu, almakashi da dama, yana zagaya kan mutum yana tsokanarsa.

A sashen gashin ƙashi na asibitin akwai wata siririyar mata mai gilashi da marasa lafiya ke kira Sista, wadda murmushi ke yi mata tsada. Ita ta faɗa musu gaskiya a tsaye, ba ta ko ja kujera ba. Ta ce hannun bai mutu ba, barci yake yi, amma ba zai jira su har abada ba. Abin da za a samu, yawancinsa a watannin farko ake samunsa. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa yana saki. Ta ce a zuba masa wake a faranti ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana jefawa a kofi. Ya riƙa shimfiɗa tafin a kan tebur har yatsun su kwanta. Sannan, safe da yamma, ya saka maɓallan rigarsa ya cire da wannan hannun, ko zai kai azahar yana yi.

Sai ta juya ta dubi Tela ta saman gilashinta.

"Ke aikinki ya fi nasa wuya," ta ce. "Kada ki taimake shi."

Tela ta ce to. A ranta kuwa cewa ta yi, wannan matar da gani ba ta taɓa jinyar nata ba.

A gaskiya Dogo ya fara da zuciyarsa. Ya raɗa wa hannun suna Oga, wai tunda shi ne ba ya aikin komai sai a ɗauke shi a ajiye. Da safe za ka ji shi yana lallashinsa: Oga, a taimaka a tashi, talakawa suna jira. Wake ya watse a ƙasa, ya ce Oga ya yi rabon sadaka. Tela tana sharewa tana dariya. Abokin shagonsa, wani gajeren mutum da ake kira Rediyo saboda bakinsa ba ya mutuwa, yakan leƙo bayan ya rufe shago, ya kawo labarin wanda ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa kai sai Dogo ya dawo, har gashinsa ya fara rufe kunne. Dogo ya ce a gaya masa ya yi haƙuri wata uku, ko kuma ya je matarsa ta yi masa kitso.

Maɓallan ne ba su da wasa. A nan barkwanci yake ƙarewa. Yakan ɗauko hannun da hagu ya ɗora a ƙirji, ya sunkuyar da kai, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarsa. Yatsun su zo dab da maɓallin, su shafe shi, su zame. Ya sake. Su zame. Wani lokaci ya yi tsaki, wani lokaci ya zagi hannun da zagin da Tela ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Ita kuwa keken ɗinkinta yana can yana jiranta, ga kayan mutane jibge, amma ba ta iya tashi, kuma ba ta iya kallo. A sati na biyar babban yatsa da manuni suka haɗu suka riƙe maɓalli, suka tura shi rabi. Ranar Dogo ya sa aka kira Rediyo a waya aka gaya masa.

Ana cikin haka yayarsa ta zo. Ba ta aiko ba, da sassafe kawai aka ji sallamarta, ta shigo da jaka da ledar lemo. Yaya ce ta goya Dogo bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau da furfura a gemunsa kallon ɗan goye take yi masa. Ta ɗaga labule ta tarar da shi zaune, riga a buɗe, ciki a waje, gumi sharkaf, yawu ya ɗan zubo ta gefen bakin da bai gama dawowa ba. Ga Tela a gefe ta zauna a kan hannayenta.

Yaya ta daɗe tana kallonsu kafin ta ajiye jakar.

"Ashe haka kike masa," ta ce, a hankali. "Mutum da matarsa, matar ma tela, yana zaune kamar wanda ba shi da kowa."

Tela ta fara bayani, ta ce Yaya, a asibiti aka ce. Dogo ma ya buɗe baki zai tare mata, harshen ya yi masa nauyi, maganar ta fito a tauye. Yaya ba ta saurari ko ɗaya ba. Ta matso ta ture hannun gefe, ta jera maɓallan shida cikin numfashi ɗaya, ta gyara masa wuyan riga, sannan ta kama gefen mayafinta ta goge masa baki. Wannan gogewar ce ta karya shi. Yaya ta gama zamanta, ta gama lissafa wa Tela matan da ta sani waɗanda suka yi jinyar mazajensu kamar ƙwai, ta tafi bayan azahar. Da ta ɗauke ƙafa, ya kwanta ya juya fuska bango.

"Da a shagon na ƙarasa, da kowa ya huta," ya ce.

Tela ba ta zauna ta yanke shawarar saɓa wa Sista ba. Abin bai zo mata a haka ba. Ita duk matsalar da aka kawo mata, da almakashi take fara tunaninta. Wanda ya yi ƙiba ta buɗa masa, wanda ya rame ta rage masa, mai doro ta san inda za ta saki yadi ya ɓoye. Ta dubi mijinta a kwance, ta dubi rigar da ke rataye a ƙusa, sai ta ga ai laifin rigar ne.

Ta ɗauke ta zuwa ɗakin gaba. Ta warware maɓallan, ta ɗinke ƙofofinsu da zare mai launin yadin, ta mayar da kowane maɓalli ta ɗora shi a saman ƙofarsa kamar an saka shi. Ta ciki kuma ta jera abin mannin nan da ake sa wa takalman yara, wanda yake ƙara idan an ɓare shi, ta yanka shi ƙanana, ta bi shi da ɗinki siriri yadda ko zare ɗaya bai leƙo ta waje ba. Da ta ɗaga rigar a hasken taga, ita kanta sai da ta matso kafin ta gane. Ta ji daɗin aikin, kuma ba ƙaramin daɗi ba. Rabon da ta ji tana da amfani a gidan tun ranar da aka kira ta daga shago.

Washegari Dogo ya zura rigar, ya shafa gabanta da hannun hagu daga sama zuwa ƙasa, ta rufe. Ko minti ɗaya bai cika ba. Ya tsaya gaban madubi, ya juya nan ya juya can, ya ce Tela, ke dai muguwar gwana ce. Ya yi dariya har haƙoransa na gefe suka fito. Ranar ya sa ta fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna yana amsa gaisuwar masu wucewa, abin da ya ƙi yi tun dawowarsa. Ta gaya wa kanta riga ɗaya ce, ta fita ce kawai, sauran suna nan da maɓallansu don motsa hannu.

Kafin sati ya zagayo ta gama da rigunan duka bakwai. Ba shi ya roƙe ta ba, kullum dai waccan ɗayar yake nema, har ta fara datti, to ya za a yi? Daga riguna ta koma wanduna, ta cire zif da ƙugiya ta zura roba. Ta yi wa kofinsa maɗauri na yadi yadda hagu za ta riƙe shi ba zubarwa. Ta ɗinka wa tawul madauki. Kowane abu da ta ga ya tsaya masa, kafin ya yi tsaki sau biyu ta kawar da shi. Na ƙarshe shi ne wanda ta fi alfahari da shi. Ta lura idan yana tafiya hannun yana reto a gefensa, yara suna kallo, shi kuma yana jin kunya. Sai ta yi wa kowace riga aljihu mai zurfi a gaba, daidai inda hannun zai kwanta, ta sa masa shafi mai laushi a ciki. Da safe ya ɗauki hannun ya zura, shi ke nan har dare. Wanda bai sani ba sai ya ce wani mai ji da kansa ne yake yawo da hannu a aljihu.

Kowa ya yaba. Yaya ta dawo ta gan shi tsaf, ta ce yanzu ta ga aiki, har ta kira Tela ƙanwata, abin da ba ta taɓa yi ba. Wata maƙwabciya ta kawo rigunan mahaifinta a yi masa irin na Dogo. Rediyo ya ce saura kawai ta ɗinka masa hannu sabo.

Da suka koma asibiti a ƙarshen wata na biyu, Sista ta sa shi ya matse mata yatsu biyu, ta sa ya buɗe tafin, ta ɗan ɓata fuska. Ta tambaya ko yana yin abin da aka ce. Dogo ya ce yana yi, safe da yamma. Ta dubi maɓallan da ke jere a ƙirjinsa, ta dubi Tela, Tela ta gyaɗa kai. Sista ta ce to a ƙara ƙoƙari, hannun ya tsaya inda ta bar shi, ta rubuta musu ranar dawowa. A hanya ba wanda ya tayar da zancen. Ranar dawowar ta zo aka tashi da ruwan sama. Ta gaba ta faɗo lokacin komawa makaranta, kayan 'yan makaranta sun cika ɗakin gaba har ƙofa. Ta bayanta kuma Dogo ya ce shi ya gaji da zaman layi a je a murɗe masa hannu a gaya masa abin da ya sani.

Abin da Tela ba ta zata ba shi ne yadda gidan ya mutu. Da can safiya tana da abin yi: gumi, tsaki, zagi, wake a ƙasa, wani lokaci ihun murna. Yanzu kafin ruwan shayi ya tafasa Dogo ya gama shiri, ya zauna, kuma babu abin da ya rage masa a ranar. Kujerar ƙofar gida ta yi masa sati uku ta ishe shi, gaisuwar ɗaya ce kullum, ya jiki, da sauƙi. Ya koma ɗaki. Ya kunna rediyo ba ya saurare. Ya yi barci da hantsi, ya yi bayan azahar, abinci ya ci rabi ya ture. Ya daina kiran hannun Oga, ya daina kiransa komai. Ƙwallon robar ta gangara ƙarƙashin gado, Tela tana ganinta duk ranar shara, ta zagaye ta da tsintsiya. Rediyo ya ci gaba da zuwa, amma ya daina tambayar yaushe, kuma mutumin nan mai gashi har kunne, an ce ya haƙura ya zauna an yi masa aski.

Ta yi yunƙuri, kada a ce ba ta yi ba. Wata safiya ta durƙusa ta zaro ƙwallon, ta wanke ta, ta ajiye masa kusa da kofin shayi. Ta ce Baban Auta, haka take kiransa, ko sau goma ne. Ya ce gobe. Gobe ta yi ya ce kansa yana ciwo. Ta kawo faranti da wake, ya ce ta dafa su su ci ya fi amfani. Ba ta matsa ba. Kuma ga abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: duk ranar da ya ce gobe, wani sanyi take ji a ranta. Ba za ta zauna a kan hannayenta ba, ba za ta ga jijiyar wuyan nan ba, za ta koma kan kekenta inda komai yake bin umarninta. Shi ya gaji, ita ma ta gaji, kowannensu yana jira ɗayan ya zama mugu, ba wanda ya yarda.

A wata na biyar ta fara jin wari. Ta zaci aljihun ne, ta wanke rigunan da ruwan zafi ta shanya a rana. Warin bai tafi ba. Ran nan da hantsi ta zo yanke masa farce, ta gama na hagu, ta ce ya ba ta ɗayan. Shi yake wanka da kansa da hagu, don haka ta daɗe ba ta riƙe wannan hannun a cikin nata ba. Ya zaro shi daga aljihu ya ɗora mata a cinya. A dunƙule yake, babban yatsa a ciki, sauran sun rufe shi, wuyan hannun ya lanƙwashe zuwa ciki. Ta ja ɗan ƙaramin yatsa. Ya ƙi. Ta ƙara ƙarfi, Dogo ya ja numfashi ta haƙora, yatsan ya ɗago kaɗan, sai ta hango cikin tafin: fatar ta yi fari ta jiƙe, faratan sun yi tsawo sun nutse a nama, wajen ya yi ja yana ruwa.

Ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce ya kwana biyu. Ta ce me ya hana shi faɗa. Ya kawar da kai ya ce ya ga tana da aiki.

Washegari suna layin farko. Sista ta duba katin, ta ƙirga watannin da ba su zo ba da bakin biro. Ta wanke tafin, ta sa magani, ta yanke faratan da wani ɗan almakashi mai lanƙwasa, tana yi Dogo yana cije leɓe. Sannan ta ce tana son ganin kafaɗar, ya cire riga, kuma da hannun dama, ta ga inda aka kwana. Dogo ya dubi Tela. Tela ta dubi ƙasa. Sai Sista ta miƙa hannu da kanta ta kama maɓallin sama za ta cire, ya ƙi fita. Ta ɗan ja. Gaban rigar ya ɓare tun daga wuya har ƙasa da ƙarar nan tasa, a ɗakin da babu motsin kowa, har wani tsoho da ke koyon tafiya a jikin ƙarfe ya waiwayo.

Sista ta juya bakin rigar ta duba ciki. Ta bi ɗinkin da yatsa. Ta shafa maɓallan da ke zaune a kan ƙofofin da aka toshe. Ta zura hannunta a aljihun gaba, ta ji zurfinsa da laushinsa, ta daɗe a haka.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji Tela.

"Tun yaushe?"

"Tun sati na shida."

Tela ta shirya wa faɗa, ta ma fi son a yi mata shi. Sista ba ta yi ba. Ta ja kujera ta zauna, ta cire gilashin ta murza idanunta, ta ce ɗinkin ya yi kyau, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Sannan ta yi musu bayani da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Hannun da aka bari a dunƙule wata da watanni, naman da jijiyoyin sukan gajarce su zauna a haka. Yanzu aikin da ke gabansu shi ne a samu tafin ya buɗu yadda za a wanke shi, iska ta shiga, kada ya ruɓe. Za a yi masa abin ɗaurewa da zai riƙe yatsun a miƙe. Idan an dage, wataƙila ya riƙe kofi. Dogo ya tambayi almakashi. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin abin da ba ta gani ba.

Tela ce ta yi tambayar da ta fi damunta. Ta ce da ta bar maɓallan, da hannun ya dawo?

"Ban sani ba," Sista ta ce. "Akwai wanda yake yin komai, bai samu ba. Akwai wanda yake samu. Nasa ya fara motsi, na gani da idona. Inda zai kai, yanzu babu mai iya gaya miki."

Da Sista ta ce mata e, da Tela ta san girman abin da za ta ɗauka. Da ta ce a'a, da ta samu wajen ajiye shi. Haka ta fito da shi ba awo. Kafin su tafi Sista ta kama hannayenta ta koya mata yadda ake yi: a tallafe wuyan hannun, a miƙe shi, a kama yatsa ɗaya daga tushe, a ja a hankali har inda ya tsaya, a wuce nan kaɗan, a riƙe a ƙirga talatin. Kowane yatsa, sau uku a rana. Ta ce zai ji zafi, zai ce ta bari, kuma shi ba zai iya yi wa kansa ba, don babu mai iya yi wa kansa wannan.

A motar haya suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Sai da suka kusa sauka Dogo ya ce, ba tare da ya dube ta ba, kada ta ɗora wa kanta, ai shi ya ce yana son rigar, shi ya ce gobe. Ta so ya yi shiru. Alherin nan ya fi mata zagi ciwo, don ta san irinsa ne ta yi masa.

Da safe ta dafa ruwa ta surka, ta jiƙa tawul ta naɗe hannun har ya ɗumama. Ta rufe ƙofar ɗakin gaba, ta gaya wa mai jiran ɗinkinta ta dawo da yamma. Ta zauna a gabansa a kan 'yar kujera, gwiwarta tana taɓa tasa, ta ɗora hannun a cinyarta. Ya rame, gashin bayan yatsun ya yi tsawo. Hannun da ya yi shekara talatin yana rawa a kawunan mutane ke nan. Ta tallafe wuyan, ta kama manuni daga tushe, ta ja. Ya tsaya. Ta wuce nan kaɗan.

Dogo ya yi wata ƙara daga cikin ƙirji, ƙafarsa mai lafiya ta daki ƙasa. Ta fara ƙirgawa a fili. A bakwai ya kama gefen katifa. A goma sha biyu hawaye ya gangaro masa, ya kama wuyan hannunta da hagunsa, ba da ƙarfi ba, riƙon roƙo.

"Tela," ya ce. "Don Allah. Ki ji tausayina."

Duk jikinta ya amsa. Yatsunta da kansu suka fara sassautawa, sai da ta cije ta mayar da su. Tana jin tausayinsa kamar ranta zai fita, kuma ta tsani wannan tausayin yadda ba ta taɓa tsanar komai ba.

"Na ji shi wata huɗu, Baban Auta," ta ce. "Sake ni."

Bai sake ta ba, ita ma ba ta saki yatsan ba. Ƙirgar ta ɓace mata, ba ta san ko a sha biyar take ko a ashirin ba, don haka ta koma daga ɗaya. Da ta kai talatin ta mayar da yatsan a hankali, ya koma ya lanƙwashe daidai inda yake tun farko. Ta goge fuskarta da kafaɗa, ta kama na tsakiya.